Rantsuwar Baffa da Jirgin Raguna

Fatsuma, Umaru, da ke Hajara auta da kika zo duniya bayan ƙura ta lafa, wannan babin naku ne. Na so in tsallake shi, don mahaifinku Yaya Sale, Allah ya jiƙansa, bai taɓa son a tayar da maganar ba. Amma a bikin da muka je Kademi bara, ina zaune ina cin waina, na ji wata tsohuwa ta nuna 'yar Fatsuma da baki tana ce wa ta kusa da ita wai jikar Sale ce, mai fashin tekun nan. Na ba ta amsarta a wurin, kun dai san halin gwaggonku, ba na kwana da magana a ciki. To amma ni ba dawwama zan yi ba, bakina kuma ba zai je kowane biki ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ku ajiye.

Gidanmu na gefen Balan kun san shi, amma ba ku san shi da shanu ba. Kakanku Baffa makiyayi ne da ya zauna ya kama noma, bai kuma taɓa yarda a ransa cewa ya zama manomi ba. Yaya Sale shi ne ɗansa na fari, saboda haka kunyarsa yake ji irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in zai aike shi sai ya dubi wani ya ce a gaya wa wancan. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baffa na ci, Dije, don haka Uwata yake ce mini, kuma duk gidan ni kaɗai nake iya tsayawa in gaya masa gaskiya ya yi dariya. Wannan gatan ya ɓata ni, ban musa ba.

Da burtali ya ƙuntata, ciwo kuma ya shiga garken ya rage saura 'yan ƙalilan, Yaya Sale ya bi fataken dabbobi ya yi gabas. Tafiya ta yi tafiya har Sudan. Can ya sami aiki a wani jirgin ruwa mai ɗaukar raguna yana haye Bahar Maliya da su zuwa Jidda. Aikinsa shi da wasu makiyaya uku shi ne ba ragunan ci da sha, da share ƙarƙashinsu. Ni yake kira a waya, don a lokacin ina aure a Gaya, ina koyarwa a wata firamare a Ajingi, ni ce mai waya a dangi. Nakan hau babur in kai wa kakarku Inna labari, in ƙara gishiri. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Ruwan da ya fi girma da muka sani shi ne na gadar Wudil da damina, kuma Inna ko shi ba ta yarda ta leƙa ta tagar mota.

Sai waya ta ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu. Rannan wani falke da ya dawo daga can ya zauna a kasuwar Gaya ya ce an kama ɗan Baffa na Balan, shi da wasu, sun ƙwace jirgi a tsakiyar ruwa, sun ɗaure kyaftin, hukuma ta ce fashin teku ne. Kafin la'asar maganar ta riga ni zuwa gida. Na tarar da Baffa a gindin tsamiyar ƙofar masallaci, dattawa sun zagaye shi, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Wani ma har yana cewa ai dama masu shirun nan sai a hankali. Baffa ya bari suka gama. Sannan ya miƙe, ya dogara sandarsa.

"Wallahi tallahi," ya ce, "ɗan fashi ba zai sake taka gidana ba muddin ina numfashi. Ku ne shaida."

Ina tsaye a nan, ni mai bakin, ban ce uffan ba. Wannan shi ne laifina na farko, kuma ina so ku san shi. Na yarda da maganar falken nan. Na ce a raina duniya ce, tana iya canja kowa. Laifina na biyu, ni na ce wa mahaifiyarku Rabi ta riƙa gaya muku babanku yana Makka yana aiki. Na uku ya fi ci mini rai. Umaru, ranar da ka fasa wa wani yaro baki a islamiyya don ya kira ka ɗan ɓarawon ruwa, ni na zane ka da tsumagiya. Kana kuka kana cewa Babana ba ɓarawo ba ne, ni kuma ina ƙara maka. Kai kaɗai ka tsaya masa a gidan nan, kana shekara bakwai. Ban taɓa neman gafararka ba, to ga shi yau na nema a rubuce.

Inna kuwa daina cin abincin kirki ta yi. Ba ta yi wa Baffa musu ba, ba ta kuma yi kuka a gabansa ba. Sai dai kullum in ta dama fura takan zuba ta Yaya Sale a ƙwaryarsa ta rufe da faifai, in ta kwana ta ba kaji da awaki. Baffa yana gani, yana yi kamar bai gani ba. Gidan ya yi tsit, ko rediyon da yake saurara da hantsi ya daina kunnawa.

Wata na biyar ina cikin aji ina koya wa yara jam'i da tilo, wayata ta yi ƙara da wata doguwar lamba. Wani Bahaushe ne mazaunin Sudan da yake kai wa fursunoni abinci don Allah, ya ce ga ɗan'uwanki. Na fita bayan aji da gudu, ɗankwalina a hannu.

"Dije," ya ce. Muryar ta shige ciki kamar ta wanda ya tashi daga jinya. "Baffa ya ji?"

"Ya ji, Yaya."

"Me ya ce?"

Na kauce, na tambaye shi lafiyarsa. Shi ma bai sake tambaya ba, ya gane.

Ya ba ni labarin a gurguje. Sun isa gaɓar Jidda da raguna cike da jirgi, aka hana su sauke su saboda wata takarda da ba ta cika ba. Mai jirgin ya aiko wa kyaftin cewa ya ja baya ya jira a ruwa, kada ya kuskura ya koma gida da kaya. Ruwan shan dabbobi na tafiyar kwana biyu aka ɗauko. Ya ƙare. Rana ta Bahar Maliya, ƙarfe ya ɗauki zafi, raguna a cunkushe. Suka je suka roƙi kyaftin ya juya a ɗebo ruwa, ya ce ba shi da izini. Suka koma washegari, ya kore su. A rana ta uku raguna sun fara faɗuwa, wasu na lasar bangon ƙarfe har harshensu ya fashe. Sai Yaya Sale ya ɗauki igiyar da yake ɗaure rago mai faɗa, su huɗu suka hau sama, suka kama kyaftin suka ɗaure shi a kan kujerarsa, suka ce wa mai riƙe da sitiyari ya juya. Suna isa tashar da suka baro, sojoji na jiransu.

"An yi shari'ar," ya ce. "Da farko da fashin teku aka tuhume mu. Alƙali ya ce ba shi ba ne. Amma ɗaure mutumin da muka yi laifi ne, ya ba mu shekara ɗaya da rabi. Ban ƙi ba, Dije, na ɗaure shi ɗin. Abu ɗaya nake so ki gano mini. In na fito, ina da gidan zuwa?"

Kafin in ba shi amsa aka karɓe wayar. Na zauna a kan bulo a bayan aji na yi kuka har hedimasta ya leƙo.

Da na share hawaye sai kaina ya ɗaure. Sun ƙwace jirgi, sun ɗaure kyaftin ɗinsa, a tsakiyar ruwa. In wannan ba fashin teku ba ne, to mene ne shi? Na san Baffa, in na je masa da wai alƙali ya ce, tambaya ɗaya zai yi mini in zube. A Gaya akwai wani tsohon sojan ruwa, Malam Isa, da ya yi ritaya ya buɗe shagon taki da maganin feshi. Abokin maigidana ne, mai surutu kamar ni, kullum neman wanda zai ba labarin teku yake yi, mutane na gudu. Ranar da na je na ce labarin teku na zo ji, har lemo ya saya mini. Ya ji bayanina, ya shiga ciki ya ɗauko wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, ya sa tabarau, ya kife buhun taki ya ɗauki biro ya ja layi a kai.

"Malama Dije, ƙasashen duniya sun zauna sun yi wa teku doka, kuma sun faɗi abin da ake kira fashin teku. Ba duk ta'asar da aka yi a kan ruwa ba ce. Na ɗaya, sai an yi shi a wajen ruwan kowace ƙasa. Kin ga layin nan? Daga gaɓa zuwa mil goma sha biyu na teku, ruwan mai ƙasar ne, abin da aka yi a ciki dokarsa ce za ta hukunta. Na biyu, sai jirgi biyu. Mutanen wani jirgi su far wa wani jirgin. In mutanen cikin jirgi suka tayar wa shugabansu, wannan bore ne, hukuncinsa daban. Na uku, sai ya zama don biyan buƙatar kai aka yi."

Na ce, "To me ya sa aka tsananta haka? Laifi ai laifi ne."

"Saboda sunan yana da nauyi. Wanda aka tabbatar ɗan fashin teku ne, kowace ƙasa a duniya tana da ikon kama shi a can tsakiyar ruwa ta yi masa shari'a, ko bai taɓa mutanenta ba. Shi ya sa ba a liƙa wa mutum shi da wasa. Yayanki tun a sharaɗin jirgi biyu ya fita. Ai jirginsu ne."

Na sa ya maimaita mini sau uku, na rubuta a bayan littafin darasi. Na fito shagon nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Lissafina mai sauƙi ne. Baffa ya rantse a kan ɗan fashi, doka ta ce Yaya ba ɗan fashi ba ne, ke nan rantsuwa ba ta hau kansa ba. Har ina yaba wa kaina wayo a kan babur.

Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Na sami Baffa da hantsi a bakin rijiya yana zuba wa 'yan shanun da suka rage ruwa a kwami. Na durƙusa na gaishe shi, na ce magana na zo da ita a kan wanda ya sani. Fuskarsa ta canja, amma bai kore ni ba. Na buɗe littafina kamar ina gaban 'yan aji uku, na fara da maganar mil goma sha biyu.

"Tsaya, Uwata," ya ce. "Wato in an tare mutum a gonar Balan sunan abin daban, in an tare shi a dajin da ba na kowa ba sunansa daban? Shi wanda aka tare ɗin ya san da wannan?"

Na ce ba haka ake nufi ba, maganar wanda zai yi shari'a ce. Na yi sauri na wuce zuwa jirgi biyu.

"Wannan ma ta fi muni. Baƙo ya cuce ka, da wanda kuke ci a akushi ɗaya ya cuce ka, wanne ya fi? Mutum ya ɗauke ka aiki, ya ba ka amana, ka ɗaure shi. Don jirgin ɗaya ne sai ya zama ba komai? Rufe littafin nan, Uwata. Boko ya yi miki yawa."

Wallahi ji na yi kamar in jefa littafin a rijiya. Abin da na kwana uku ina haddacewa, tsoho ya rushe shi yana riƙe da guga. Na ce cikin fushi saura ɗaya, ko ya so ko ya ƙi sai ya ji. Na ce doka ta ce sai in don biyan buƙatar kai aka yi.

Ya saki guga a rijiya, igiya na zarya a hannunsa. Bai dube ni ba.

"Me ya ɗauka?"

"Ko allura bai ɗauka ba, Baffa."

"To me ya kai shi?"

Sai a lokacin na lura ban gaya masa labarin ba. Na zo da doka na bar raguna a baya. Na rufe littafin na faɗa masa komai yadda Yaya ya faɗa mini, takardar da ba ta cika ba, ruwan da ya ƙare, roƙon da suka yi sau biyu, harsunan da suka fashe. Ban ɓoye igiyar ba. Tun ina magana ya daina jan gugan, ya bar shi a rataye a tsakiyar rijiya.

"Kwana nawa kika ce ba su sha ba?"

"Uku."

"A wannan irin zafin?"

"Ya ce na can ya fi."

Ya juyo ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na ɗauka wata rantsuwar zai ƙara.

"Kwana uku!" ya ce, har shanun suka ɗago kai. "Yana tsaye yana kallo har kwana uku? Me yake jira? Haka na koya masa?"

Dariya da kuka suka haɗe mini a wuri guda. Na ce to Baffa, ai shi ke nan, tunda ba ɗan fashi ba ne rantsuwarka ba ta kama shi ba, babu abin da ke kanka. Ya jawo gugan a hankali ya juye a kwami, ya goge hannu a rigarsa.

"A'a. Wannan wayon naku ne na 'yan makaranta. Da na ce ɗan fashi, Allah ya san wa nake nufi, ni ma na sani. Shi nake nufi. Na rantse a kan ɗana da maganar kasuwa, ban tambaya ba. Ba zan ɓuya a bayan littafin wani ba. Karya ta zan yi, in biya."

Washegari ya sa Inna da Rabi suka yi tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, aka kira mabuƙata goma aka ciyar da su a zaure, kaffarar rantsuwa. Bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa dattawan nan ya janye abin da ya faɗa, wanda ya ji na farko ya ji na biyu. Ranar Inna ta ci tuwo har da ƙari.

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan kwana biyu Rabi ta aiko mini cewa in zo, Baffa azumi yake yi, ya ƙi gaya wa kowa dalili. Tsoho mai shekara kusan tamanin, ga ciwon ƙoda da likita ya ce kada ya yi wasa da ruwa, ga bazara. Na iso rana ta uku da azahar na same shi kwance a zaure, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Na hau shi da faɗa. Na ce liman da kansa ya ce wanda ya ciyar babu azumi a kansa, wannan kuma na mene ne, so yake ya kashe mana kansa? Ya bari na gama, ya yi ɗan murmushi.

"So nake in ji yadda kwana uku yake," ya ce. "Ni da ake kawo wa ruwa da magariba ma ke nan, Uwata."

Ya kai azuminsa. Amma daga wannan bazarar bai sake komawa daidai ba, guga ma sai dai a ja masa. Na daɗe ina tuhumar kaina ko ni na jawo, da na bar shi da fushinsa wataƙila da ya fi daɗewa. Har yau ban gama raba wannan gardamar da zuciyata ba. Shi ma Yaya Sale ya biya nasa, don babu jirgin da ya sake ɗaukarsa aiki, kuma kurkukun ya bar masa tarin da kuka san shi da shi har ya koma ga Allah.

Na aika wa Bahaushen nan saƙo ya gaya masa yana da gidan zuwa. Da ya gama wa'adinsa a kurkuku ya dawo da kaka, ana yankan gero. Ni na tarye shi a tashar Gaya, na kusa wuce shi don ramewa. Muka hau a-daidaita, tun daga tasha har muka bar kwalta murza hannun wata 'yar jakar leda kawai yake yi. Da muka hango rufin gidanmu ya ce a tsaya, ya sauka. Ya ce shi daga nan ba zai iya ba sai an ce ya shigo.

Ashe Baffa na zaune a bakin hanya a kan kututture, wai gero ya fito dubawa, alhali gonarsa tana ɗaya gefen. Mutanen gari kuwa sun fito, masu yankan gero sun tsaya da lauje a hannu. Yaya Sale ya cire takalmi, ya ajiye jakar, ya zube a ƙasa kansa a sunkuye. Na matso don in karɓi saƙo in isar, yadda aka saba. Baffa ya ɗaga mini hannu. Ya dubi ɗansa kai tsaye, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Nawa suka sauka da rai?"

"Sun fi rabi, Baffa."

Baffa ya gyaɗa kai. Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya sunkuya ya ɗauki jakar ledar nan da hannunsa. Yaya ya zabura zai karɓa, ya hana shi. Haka ya wuce gaba yana ɗingishi, tsoho ɗauke da kayan ɗansa na fari a gaban duk mutanen Balan, mu muna biye. Da ya isa ƙofar zaure bai shiga ba. Ya ɗage asabarin, ya ja gefe, ya riƙe shi har sai da mahaifinku ya wuce ciki.